Ƙofar Ajin Yara

Ni mai walda ne. Ƙofofi nake yi da tagogi da ƙyauren gareji, wani lokaci gadon ƙarfe idan an kawo aikin. A cocinmu ba mai kirana da sunana, Mai Walda kawai ake cewa, har Fasto. 'Ya'yana uku. Biyu maza ne, sun girma sun tafi neman na kansu. Sai autarmu mace, wadda Allah ya ba mu bayan mun riga mun cire rai da haihuwa. Manaja nake kiranta, domin in ta biyo ni shago ranar Asabar sai ta hau kan tsohuwar taya, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Baba, wannan ƙofar ta karkace." Sau da yawa in na ɗora ma'auni sai in tarar da gaskiyarta. Shekararta bakwai lokacin da abin nan ya faru.

Tana da ciwon asma tun tana goye. Ƙura na tayar mata da shi, hayaƙi ma haka, amma ba abin da ke tayar mata da shi kamar firgita. Kare ya taɓa yi mata haushi a bakin shago, kafin mu kai gida ƙirjinta yana ƙara kamar usur. Akwai ɗan maganin shaƙa da likita ya rubuta mata, wanda ake fesawa a baki. Kullum yana cikin jakar mamanta, don duk lokacin da muka ba ta ta riƙe sai ta yar da shi wurin wasa.

Ban san ranar da tsoro ya shige ni ba, amma na san ta waya ya shigo. Zumuntar maza ta cocinmu tana da zaure a waya, kuma kusan kullum sai wani ya turo bidiyo. An ƙona coci a wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba. An shiga wata makaranta. Ruwa ya cinye wani gari. Mutane sun yi layi da kwanoni, fuskokinsu duk toka. Akwai wani da na kalla har na haddace shi: benci a kife, takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙasa, ana wanke daɓe da bokiti. In na zauna cin abincin rana, cokali a dama, waya a hagu.

"Baban yara, ajiye wayar nan ka ci abinci," in ji matata. "Ka san su ne?"

"'Yan'uwanmu ne cikin Almasihu."

"To ka yi musu addu'a ka ajiye. Kallon da kake yi zai tashe su ne?"

"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa."

"Kai kam ka shafa wa naka har ya fara ruɓewa."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma ban ajiye wayar ba.

A shekarar ne aka kafa kwamitin tsaro a coci, aka sa wani tsohon soja shugaba, Saja muke ce masa. Na shiga tun ranar farko. Muka cika durom-durom da siminti muka jera a bakin titi don kada mota ta matso. Muka sayi sandar nan mai ƙara da ake shafa wa mutane a ƙofa. Duk wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin ba a cikin coci Manaja ke zama ba. Ajin makarantar Lahadi yana baya ne, ɗaki ɗaya a ƙasan ofishin Fasto, da taga babba da ƙofar katako wadda ko akuya ta ture za ta buɗe. Duk Lahadi ina tsaye a bakin get da sanda a hannu, zuciyata tana can baya.

Na kai maganar gaban kwamiti. Na ce a ba ni dama in yi wa ajin ƙofar ƙarfe, a toshe tagar, ni zan yi kyauta, baikona ke nan ga Ubangiji.

Fasto ya daɗe yana juya tabarau a hannu. "Mai Walda, ajin yara ne fa, ba kurkuku ba. Ina tsoron mu koya musu tsoro kafin mu koya musu bangaskiya."

"Fasto, Ubangiji ne mai tsaro, ba wanda ya musa," in ji Saja. "Amma ban taɓa jin inda ya hana a sa sakata ba."

Aka yi dariya, aka amince.

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar ƙofar nan ba. Falle biyu na ƙarfe mai kauri na haɗa. Na binne firam ɗin cikin bango da rodi. Na sa hinji ta ciki don kada a yanke shi daga waje. Sakata ɗaya ce, doguwa, kaurinta ya kai hannun yaro, tana shiga cikin bango, kuma daga ciki kawai ake taɓa ta. A ƙasa na yi mata leɓe don kada a zuba fetur ta ƙarƙashi, saboda na gani a wani bidiyo an yi haka. Tagar muka toshe da bulo, muka bar 'yan ramukan iska can sama kusa da siling, a karkace, na rufe su da raga. Da na gama Manaja ta zo ta duba, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta ce, "Wannan kam ba ta karkace ba."

Malamar ajin budurwa ce mai ɗinki, shiru-shiru, yara suna kiranta Anti. Ba 'yar garin ba ce. Ta zo wurin gwaggonta bayan abin da ya faru a garinsu, inda ta rasa mahaifiyarta da ƙaninta. Ba ta maganar, mu ma ba mu tambaya. Ranar wata Asabar muka tara yaran don gwaji. Saja ya shiga ajin tare da su ya yi bayani: in an ji harbi, a rufe ƙofa, a zura sakata, Malama ta kashe wayarta don kada ta yi ƙara, yara su shige ƙarƙashin benci su yi tsit.

"In kuma an kira ni daga waje fa?" in ji Malama.

Ni na ba ta amsa. "Kada ki buɗe. Ko muryata kika ji, ko ta Fasto, ko ta uwar ɗaya daga cikinsu. Ba ki san abin da ke bayan mai maganar ba."

"Na sani," ta ce, idonta a ƙasa. "Haka suka yi a wurinmu. Sun sa mai wa'azinmu ya kira waɗanda suka ɓuya a ɗakin ajiya, kowa da sunansa."

Saja ya yi gyaran murya ya ce a fara. Ya tafa hannu, aka rufe, yara suka ruga ƙarƙashin benci suna ƙyalƙyala dariya. Ya duba ko'ina, ya ce, "To, a buɗe." Aka buɗe. Aka yi ta maimaitawa har yaran suka ƙware. Na koma gida ranar na ci abinci sosai.

Bayan 'yan watanni Fasto ya keɓe wata Lahadi don yi wa masu shan wahala a duniya addu'a, masu yaƙi da masu yunwa da waɗanda ake tsananta wa saboda sunan Yesu. Ya ce kada mu zama masu kuka da namu ciwon kawai. Za a yi baiko na musamman, kuma kowane gida ya kawo tufafin da zai iya bayarwa. Manaja ta hana mu sakat sai an ba da rigar sanyinta mai hula.

"Baba, a can ana sanyi?"

"Wani wurin ana yi."

"To wane wurin za a kai tawa?"

"Inda ake sanyin, Manaja."

"Ka gaya musu aljihun hagu ya huje."

Ranar coci ta cika har waje. Aka kafa rumfa a fili, aka rataya babbar lasifika a kusurwar bango don na waje su ji. An aro majigi, domin wani ya turo wa Fasto fim a kan wata ƙasa mai nisa, yana so jama'a su gani da idonsu kafin addu'a. Ni ina get tare da Saja, ban ma san da fim ɗin ba.

Ana cikin shiru sai harbi ya ɓarke. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, da ihun mata a ciki. Ban san lokacin da na yar da sanda na kwanta bayan durom ba. Matan da ke rumfa suka watse, kujeru suka kife. Sai ga wani mai tsaron ƙofa ya fito yana ɗaga hannu yana ihu, "Fim ne! Fim ne, jama'a! Ku dawo!"

Dariya ta kaure. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana neman ɗankwalinta tana zagin mai kula da na'ura. Saja ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dube ni.

"Mai Walda, ashe tumbin nan naka ya fi ka sauri. Ya riga ka isa ƙasa."

"Kai fa, ranka ya daɗe? Takalminka kake ɗaurewa?"

Aka rage ƙarar lasifikar. Na matsa jikin tagar coci na leƙa. A jikin farin ƙyalle wata mata tana gudu a kan titi mai hayaƙi, ta rungume yaro, ƙafafunsa suna reto. Cikin coci mata suna share hawaye. Da fim ya ƙare Fasto ya fara addu'a, yana kiran ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa da amin. Addu'ar ta yi tsawo. Bayanta aka yi waƙa, aka fara zagayen baiko, mutane suna fita layi-layi suna ajiye ƙunshin tufafi a gaban bagadi. Ni ma na rufe ido na yi wa matar nan addu'a da zuciya ɗaya.

Shirun ne ya fara damuna. Kowace Lahadi waƙar yara daga baya tana shiga cikin addu'ar manya, har dattawa suna gunaguni. Ranar ba ko tari. Na ba Saja sandar na zagaya.

Ƙofar a rufe take. Abin da na fara ji shi ne daɗi. Na ce a raina, kai, yarinyar nan ta iya aiki. Na ƙwanƙwasa ina murmushi.

"Malama, buɗe. Fim ne aka sa a coci. Ba komai."

Shiru.

"Malama, Mai Walda ne. Kun ci jarrabawa, ku fito."

Shiru. Na kara kunnena a jikin ƙarfen, ya yi sanyi. Can ciki, ƙasa-ƙasa, na ji usur ɗin nan da na sani.

Na kira wayar Malama, a kashe. Na ruga coci na jawo matata daga layin baiko, ban ma iya yi mata bayani ba, jakarta kawai nake nunawa. Kafin ka ce me, labari ya zagaya, iyaye mata suka cika bayan coci, kowace tana kiran ɗanta da sunansa. Yaran da ke ciki suka ji muryoyin uwayensu suka fashe da kuka. Fasto ya ratsa jama'a da rigar sujada a jikinsa, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"'Yata, Fasto ne. Da sunan Yesu nake gaya miki, babu kowa a nan sai mu. Ni na sa fim, kuskurena ne. Buɗe ƙofa."

Sai muryarta ta fito daga ciki.

"Baba Fasto, ka yafe mini. Na san ba da son ranka kake faɗa ba."

Matata ta faɗa jikin ƙofar da tafin hannu biyu. "Malama! Ni ce maman Manaja! Don girman Allah, yarinyar nan ba ta numfashi, ga maganinta a hannuna!"

"Tana kan cinyata, Mama. Ina yi mata fifita." Ta sake cewa, "Yara sun fi talatin a nan, Mama. Ki yi haƙuri."

Matata ta juyo kaina da Saja. "Ku gaya mata kalmar mana! Ba ku da wata kalma da kuka shirya, wadda za ta san lafiya ce?"

Na dubi Saja, Saja ya dube ni. Duk gwajin da muka yi, yana ciki tare da su, shi ke cewa a buɗe. Ba mu taɓa tsayar da kowa a waje ba.

Wasu maza suka ciro ƙarfen rumfa, suka kama shi su huɗu ko biyar, suka fara dukan ƙofar. Na yi ta ihu su bari, za su lalata ta, ba wanda ya ji ni. Kowane duka sai yaran ciki su kwarma ihu. Ƙofar ta lotsa a tsakiya amma ba ta motsa ba. Sama siminti ne, ofishin Fasto ke bisa, babu rufin da za a ɓalle. Na sa aka kawo tsani da guduma, na hau na fara fasa ramin iska ɗaya. Bulo ya fashe, na yage ragar da hannu har ta yanke ni. Ramin bai wuce shigar hannu ba, kuma a karkace, ba na ganin komai sai duhu. Na jefa maganin ciki na ce, "Malama, maganin Manaja ne, ɗauki!"

Wata mata daga cikin mawaƙa ce ta yi dabara. Ta karɓi wayar Fasto ta ɗauki bidiyon filin gaba ɗaya, iyaye, rumfa, get, titi, ta naɗe wayar cikin ɗankwalinta ta miƙo mini. Na zura ta ramin na saki. Muka tsaya muna jira. Muna jin muryoyinmu suna fitowa daga wayar a can ciki.

Sai Malama ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Muka ji gudunta zuwa ƙofa, muka ji tana jan sakata.

"Ta ƙi! Baba, ta ƙi fita!"

Dukan da aka yi ya lanƙwasa ta cikin bango.

Injin yankan ƙarfena yana shago. Wani ya ba ni makullin babur, na ruga har bayan durom-durom inda ake ajiye ababen hawa. Ban san yadda na tuƙa ba. Abin da na tuna shi ne gari yana nan yadda yake. Mai aski ya sa kiɗa, wani yana wanke mota, mata biyu suna cinikin tumatir. A shago na tsaya ina buɗe kwaɗo bayan kwaɗo da hannu mai jini, makullan suna zamewa. Da na dawo an ɗauke wuta, sai da aka kinkimo janareta daga ɗakinsa aka kawo kusa, don wayar injin ba ta kai ba.

Hinji yana ciki, ba zan same shi ba. Dole in yanka falle biyun a zagaye inda sakatar take. Na ce wa Malama ta kwashe yara zuwa bango na nesa. Na ɗora faifan injin a kan ƙarfen, tartsatsi ya tashi, kuma na san rabin hayaƙin ciki yake shiga. Matata tana kan tsani, bakinta a ramin.

"Ki girgiza shi! Ki sa mata a baki ki danna, ki ce ta ja!"

"Na danna, Mama. Ba ta ja."

"Ki sake!"

Faifan farko ya fashe, na canja. Ƙarfen nan ni na zaɓe shi, na zagaya kasuwa ina ƙwanƙwasawa har na sami wanda ya fi kauri. Da na huda fallen farko na kashe injin in gyara riƙo, na kasa kunne. Kukan yara kawai nake ji. Usur ɗin ya daina.

Da ƙofar ta buɗe yara suka yi ta fitowa ta ƙarƙashin hannuwana, iyaye suna cafkewa. Malama tana zaune a ƙasa jikin bango, Manaja a kwance kan cinyarta, kanta ya langaɓe, leɓunanta sun yi launin toka. Akwai ma'aikaciyar jinya a cikin jama'a, ta kwantar da ita a ƙasa tana danna mata ƙirji tana hura mata iska. Da ta ce a tafi, na ɗauke ta na yi ta gudu, na ratsa fili, na wuce get, na wuce durom-durom, har inda mota ta iya tsayawa.

A asibiti suka sa mata na'ura tana yi mata numfashi. Likitan mutum ne mai magana a hankali. Ya ce zuciyarta ta dawo, amma ƙwaƙwalwarta ta daɗe ba iska.

"Za ta farka, likita?"

"Idanunta za su buɗe, ina sa rai."

"Za ta san mu?"

Ya dubi takalmansa. "Baba, mu bi abin a hankali."

Lahadin da ta biyo baya ban je coci ba. Wani ya turo mini sautin addu'ar da aka yi, don ya ƙarfafa ni. Na saurara a barandar asibiti. Fasto ya kira ƙasar da ake yaƙi, aka ce amin. Ya kira 'yar Mai Walda da ke kwance, aka ce amin da ƙarfi. Ya kira ƙasar da ruwa ya ci, aka ce amin. Na san abin da zai biyo baya. Za a yi waƙar rufewa, a gaisa a fili, kowa ya tafi gida ya ci abincin rana. Ban ji haushinsu ba. To me za su yi? Ni ma haka nake yi wa na cikin waya.

Fasto yana zuwa kusan kullum. Ba ya wa'azi, zama kawai yake yi kusa da ni a benci.

"Fasto, wa zan kama?" na tambaye shi wata rana. "Kai ka sa fim don mu tausaya wa 'yan'uwa. Ni na yi ƙofa don in tsare yara. Saja ya koyar, yarinyar nan ta bi. Duk don Allah muka yi."

"Duk don Allah muka yi," ya ce.

"To shi yana ina lokacin?"

"Ban sani ba, Mai Walda. In na ce maka na sani, na yi maka ƙarya. Ina dai roƙonsa kada ya bar ka."

"Ni na kasa roƙon. In na ce Uba, sai maganar ta tsaya a nan."

"To ka tsaya a nan ɗin. Sauran mu za mu faɗa."

Can na ce, "Matar nan ta cikin fim, mai gudu da yaro. Yaron ya rayu?"

Ya cire tabarau ya goge ido. "Ba su nuna ba."

Malama ma tana zuwa, amma ba ta shiga ɗakin. Tana tsayawa a ƙarshen baranda da kwanon abinci a hannu, ta ba wata ma'aikaciya ta miƙo, ta tafi. Matata ba ta taɓa buɗe kwanon ba. Wata rana na tare ta a bakin matakala. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"'Yata, abin da muka koya miki kika yi. Ba ki da laifi."

"Na ji muryar Mama," ta ce. "Na san da gaske take kuka. Amma Baba, a wurinmu ma da gaske suke kuka."

Na karɓi kwanon da hannuna.

Saja ya zo sau ɗaya, ya tsaya yana murza hula. Ya ce iyaye sun rabu biyu. Wasu sun ce a cire ƙofar a yar, wasu sun ce a gyara ta, domin an ji labarin an kai hari wata coci ba nisa sosai. Ya ce ko za a iya yi mata makulli ta waje.

"In akwai makulli a waje, wanda ya riƙe bindiga zai karɓa a hannun mai riƙe da shi," na ce.

"To yaya za a yi?"

"Ban sani ba, Saja. Ku nemi wani mai walda."

Idanun Manaja sun buɗe kamar yadda likita ya ce. Aka cire na'urar, tana numfashi da kanta. Amma ba ta kallon kowa. Idon yana buɗe ne kawai, kamar tagar gidan da aka tashi. Da suka ga ba sauran abin da za su yi, suka sallame mu da robar abinci a hancinta, suka koya wa mamanta yadda ake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Likita ya ce mu lura da duk abin da za ta amsa masa, ko murya, ko haske, ko taɓawa. Ya ce in ta amsa wa wani abu, alama ce mai kyau.

Mun gwada komai. Zumuntar mata suka zo suka yi mata waƙoƙin ajinsu. Yayyenta suka zo, babban ya yi ta yi mata muryar agwagwa da take so. Na kawo mata ma'aunina na sa a tafin hannunta, na ce, "Manaja, aiki ya tsaya, ba mai dubawa." Yatsunta ba su rufe ba. Matata ta daina zuwa kasuwa. Ta mayar da gadon falo kusa da taga, tana yi mata hira tun safe, tana tsefe mata kai tana sake kitsawa.

Na koma shago don dole. Wata rana da la'asar na dawo, hannuna ɗauke da kaya, na tura get ɗin gidan da ƙafa. Iska ta kama shi ta maka da ƙarfi, ƙarfe ya daki ƙarfe. Sai na ji ihun matata daga ciki. Na zubar da kayan na ruga.

Manaja ta sanƙare a kan gado. Hannuwanta sun dunƙule, idanunta sun fito waje, bakinta a buɗe ba sauti, ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri. Na san fuskar tsoro, kuma ban taɓa ganin irin wannan a fuskar yaro ba. A hankali jikin ya saki, idon ya koma yadda yake.

Matata tana durƙushe, tana dariya tana kuka.

"Ta ji! Baban yara, ta ji! Tana ciki! Yesu na gode, tana ciki!"

"Tsorata ta yi."

"Na sani. Amma ta ji." Ta jawo jakarta ta fito da maganin shaƙa, ta girgiza shi, ta riƙe a shirye kusa da bakin yarinyar. "Koma ka sake bugawa."

"Maman yara..."

"Likita ya ce mu lura. In ba mu sake ba, yaya za mu san ba idona ne ya yi mini gizo ba? Je ka, don Allah."

Na fita tsakar gida. Tumatir da albasar da na zubar suna warwatse a ƙasa. Na kama get ɗin, na buɗe shi har ƙarshe, na tsaya riƙe da shi. Ta taga ina hango bayan matata, ta sunkuya a kan gadon.

"Ina jira!" ta ce.

Na rufe ido na maka shi.